Mutumin da Ya Jefa Tawul

Kafin a buɗe rumfunan kasuwar Sabon Gari, Baba Istifanus ya riga ya gama wanki. Ba tufafinsa yake wankewa ba. Bandejin da 'yan dambe suka naɗe hannu da shi jiya yake cuɗawa da sabulun salo, ya matse, ya shanya a igiyar bayan shagonsa. Daga nan sai ya ɗauki tsintsiya ya shiga kulob, wanda ba wani abu ba ne illa tsakar gidan wani tsohon sito da aka kafa wa turaku huɗu aka zagaye da igiya. Ya share, ya durƙusa ya tsince tsakuwa, don ya ce tsakuwa guda ta isa ta gurɗe ƙafar mutum in yana ja da baya. Sai hantsi ya ɗaga sannan ya zauna kan sana'ar da ke ciyar da shi, gyaran takalma. Tsakanin takalmin akawu da na ɗan sanda za ka ga ya jawo safar dambe da ta yage, ya cusa mata audugar rimi, ya ɗinke. Da la'asar samari su taru. Ba mai shiga igiya sai ya hau tsohon sikelin gyaɗa da ke bakin ƙofa. Baba ya duba, ya ce, "Kai da wane. Kai kuma jira, yau babu tsaranka."

Haka yake yi tun da ya dawo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, inda aikinsa shi ne ɗauko waɗanda aka raunata. A barikin soja ya koyi damben Turawa, irin na safa biyu. Bai taɓa cin kambu ba, ba a taɓa yi masa kirari ba. Wurinsa kusurwa. Shi ne mai tsayawa bayan igiya da bokiti da soso da tawul, in an kaɗa ƙararrawa ya goge jini, ya ba da ruwa, ya raɗa wa ɗan dambe magana biyu a kunne.

Yanzu ya tsufa. Baya ya ranƙwafa, zare ba ya shiga masa allura sai matarsa Biriskila ta zura. Sun yi shirin komawa garinsu can wajen Kagoro. Ba wanda ya shirya masa taron sallama, kuma a Fagge, unguwarmu, akwai waɗanda in sun ji ya tafi za su ce Allah ya raka taki gona. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ni ba malami ba ne. Na bar makaranta ban gama elementare ba, na yi yaron mota, na yi dako a tashar jirgi, ba inda na daɗe. Amma na jira wanda ya fi ni iya rubutu ya rubuta, shiru.

Laifin Baba a wurin mutanen Fagge guda ɗaya ne, sunansa Sammani.

Sammani ɗan mahauta ne, cikin kiɗan kalangu ya buɗe ido. Siriri ne, har ake kiransa Tsinke. Da dambenmu na gargajiya ya fara, na hannu ɗaya da zare, sai wata rana da ya kai nama Sabon Gari ya leƙa kulob. Baba ya ɗora shi a sikeli, ya ce ajin marasa nauyi. Ya yi wata da watanni yana koya masa cewa hagu ba garkuwa kaɗai ba ce, ita ma tana duka. A ajinsa kuwa ba wanda ya tsaya wa Sammani. Ya buge Ari, Babarbaren da aka kawo daga Yerwa. Ya buge Augustine na reluwe har sau biyu, mutumin da duk Sabon Gari ke taƙama da shi. Ya je Jos, ya je Kaduna, ya dawo fuskarsa sumul kamar wanda ya je biki. Da dambe yake ci da dambe yake sha, har ya ajiye wuƙa.

Nan gardama ta fara, kuma har yau ba ta mutu ba. Matattararta rumfar Halilu, baffan Sammani, wanda ya yi dambe da ƙuruciya kuma ba ya gajiya da nuna tabon goshinsa. Abokin gardamarsa Wali tela, da ke daura da shi.

"To wa ya buga?" in ji Halilu yana wasa wuƙa. "Ku faɗa mini. Ari? Ari da iska ke ɗauka in ya buɗe riga?"

"Ari ya zubar da maza a Yerwa kafin ya zo," in ji Wali.

"Maza irinsa. Fāra ta kayar da fāra."

"Augustine fa?"

"Augustine sai da ya yi ta ƙin cin tuwo don ya hau sikeli. Yunwa ta buge shi, ɗana ya ƙarasa. Wannan dambe ne ko azumi?"

"Shi Augustine ɗin da ya koma Ikko, wa ya tsaya masa? Duk wanda suka fito masa da shi ya kwantar. In Augustine ba kowa ba ne, mutanen Ikko gawawwaki ne?"

"Wali, tsaya kan allurarka. A zamaninmu in makaɗi ya kira ka, wanda ya fito shi ne naka, ko ya kai rumbu. Ba ka cewa a kawo sikeli. Sikeli na gyaɗa ne da auduga. Namiji ba a auna shi."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta cuce mu. A dambenmu gaskiya ce. Girman ɗan dambe shi ne ya kayar da wanda ya fi shi jiki. Sai dai dambenmu gajere ne, duka ɗaya mai kyau an raba, kowa ya kama gabansa. Baba ya sha faɗa wa duk wanda zai saurara: "Zare fata yake fasawa, ya kayar da kai, ka tashi ka tafi gida. Safa ba ta fasa fata. Barin ka take yi a tsaye, tana shiga ciki." Ba wanda ya saurara. Abin da mai gyaran takalma ya faɗa a Sabon Gari ba ya tsallaka titi.

Abin da ake faɗa a rumfar Halilu kuwa ba ya kwana bai kai kunnen Sammani ba. Makaɗa ma suka fara gajarta kirarinsa. Sai ya hau aji na gaba, ya kara da wani ɗan sandan Zariya, ya ci da kyar, da maki, ya dawo ya kwanta jinya. Muka ce to yanzu baki ya mutu.

"Maki?" in ji Halilu. "Maki kuma mene ne? Jarrabawa ya je?"

Ana haka wani mai shirya wasa ya zo da Albert daga Ikko, ma'aikacin tashar jiragen ruwa, mutum ne da wuyansa ya kai cinyar Sammani. Aji biyu ne tsakaninsu. Biriskila ta ji yadda Sammani da Baba suka yi a shago, ita ta ba ni labari.

"Ba zan tsaya maka ba," in ji Baba.

"To zan shiga ni kaɗai, Baba."

Baba ya ajiye takalmin da ke cinyarsa. "Zan zo. Amma ka sani da tawul zan zo."

Sammani ya yi dariya. "Ka zo da bargo ma."

Ranar awo ya ɗura kunu har cikinsa ya yi tulu, duk da haka bai kai ba. Mai shirya wasan ya kau da kai.

Ranar Asabar ce da la'asar, a filin da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Fagge kaf ta fito da kalangunta. Turmi biyu na farko ban taɓa ganin Sammani ya yi kyau haka ba. Ya shiga, ya zuba, ya fita, Albert na dukan iska. Amma na lura da abu ɗaya: duk dukan da ya kwantar da Ari da Augustine, Albert ko ƙiftawa bai yi ba. Daga nan ƙafar Sammani ta fara nauyi, Albert ya same shi. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe. Can sai ga shi jingine da igiya, hannuwa a ƙasa, kansa na kai da komowa da kowane duka kamar ƙwarya a kan ruwa. Bai faɗi ba. Ɗan mahauta ba ya faɗuwa gaban kalangu.

Sai Baba ya jefa tawul.

Wanda bai san mu ba ba zai yarda da abin da ya biyo baya ba. A wurinmu in ɗan wasa ya burge, hula ake jefa masa ko riga. Da mutanen Fagge suka ga farin ƙyalle ya tashi sama ya sauka tsakiyar fage, sai suka ɗauka kyauta ce Baba ya yi wa yaronsa don ya ƙi faɗuwa. Kalangu ya ɗauka. Wata ta rangaɗa guɗa. Maza suka cire huluna suka bi tawul ɗin da su. Huluna na sauka, alƙalin wasa yana ɗaga hannun Albert.

Kiɗan ya tsaya a tsakiya. Da aka fahimci cewa a damben Turawa jefa tawul sallamawa ce, sai wurin ya yamutse.

"Gwiwarsa ta taɓa ƙasa?" Halilu ke ihu yana jijjiga igiya. "Hannunsa ya taɓa ƙasa? Ku gaya mini!"

A dambenmu sai ƙasa ta taɓa ka ake cewa an kashe ka. Don haka a lissafin Fagge, Albert bai kayar da Sammani ba. Istifanus ne ya kayar da shi. Wani ya shure bokitin. Wani ya ce ɗan Sabon Gari ya sayar da yaronmu, kuma kowa ya san tun tashin hankalin da aka yi tsakanin unguwannin nan biyu irin wannan magana ba ta buƙatar shaida. Baba bai ɗaga kai ba. Ya tallabe kan Sammani yana goge masa fuska da soso. Ina kusa, na ji abin da Sammani ya ce da shi. Ya ce, "Baba, yaushe za a fara?"

Baba ya goya shi a wannan bayan nasa da ya ranƙwafa, ya ratsa masu zaginsa, ya ɗora shi a kura ya tura har asibiti.

Tun daga ranar mutanen Fagge suka daina kai masa takalma. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga kulob. Shi kuwa da aka sallami Sammani, kullum sai ya rufe shago ya tsallako Fagge, ya yi sallama a rumfuna a ƙi amsawa, ya wuce gidan Gwaggo Rabi'atu, wadda ta raini Sammani. Ita kaɗai ta shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya wanke idon, ya gasa masa wuya da ruwan zafi, ya zauna yana yi masa hirar Bama har ya ga ya ci abinci.

Gwaggo ce ta ga abin da ya faru bayan kumburin ya sace. Ta ce Baba ya miƙa masa kofin ruwa ta hagu, ya riƙe, ya riƙe, Sammani na ta zuba hira bai gani ba. Baba ya zagayo da kofin ta dama, nan take ya karɓa ya ce na gode. Ta ce Baba ya fita waje ya daɗe a tsaye yana fuskantar bango.

Bai ɓoye ba. Ya je har rumfar Halilu ya tsaya a rana ya faɗa: idon hagu ya tafi.

"Uzuri kake nema wa tawul ɗinka," in ji Halilu. "Ga shi nan, a tambaye shi. Kai Sammani, kana gani ko ba ka gani?"

"Ina gani, Baffa."

"To ka ji. Ka tafi ka ɗinka takalmi."

Yanzu gardamar ta rabu biyu. Halilu, wanda jiya yake cewa ɗansa bai bugi kowa ba, yau shi ke rantsuwa Albert ya gaji, da an ƙara turmi ɗaya da ya zube. Wasu kuma na cewa ai da ma mun faɗa, sau ɗaya ya haɗu da namiji aka jefa masa zani. Wali ya gaji ya koma kan keken ɗinkinsa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne masu yabon da masu zagin duk hanya ɗaya suke nuna masa: ya koma.

In an tambaye ni, kuma ba wanda ya tambaye ni, Sammani uku na gani. Na ajin marasa nauyi gwani ne, ban taɓa ganin kamarsa ba, kuma waɗanda ya buge maza ne, ko Halilu ya so ko ya ƙi. Wanda ya kara da ɗan sandan Zariya mai taurin rai ne kawai. Wanda ya tsaya gaban Albert kuwa nama ne a kan gungume. Mun samu na farkon, bai ishe mu ba. Muka yi ta tura shi har muka samu na ukun, kuma mutum ɗaya da ya ce ya isa, shi muka tsana.

An sa ranar karawa ta biyu da Albert, bayan Babbar Salla. Halilu ne zai tsaya a kusurwa, ya kuma rantse ko hankici ba zai shiga aljihunsa ba. Na roƙe shi ya bar ni in riƙe bokiti, ya ce mai zaman shagon Istifanus ba zai kusanci ɗansa ba. Sammani da kansa ya zo ya gaya wa Baba. Ina shagon. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ɗan karkata kai don ya ga Baba da idon dama.

"Baba, ka yafe mini. Wannan karon Baffa ne zai tsaya."

"Na ji a gari."

"Ba raini ba ne, Baba."

"Tsinke, me kake nema a can? Me ka bari?"

"Ba na iya wucewa ta rumfar mahauta. Jiya wani yaro ya jefo mini tsumma ya ruga, manya na dariya."

"Tsumma ba ya kisa."

"Yana yi, Baba. A hankali yake yi."

Sammani ya miƙe. Sai Baba ya ce, "Ka aiko da bandejinka in wanke. Baffanka bai iya naɗi ba, ka zo da safe in naɗa maka."

Kayan da suka ɗaure na tafiya Kagoro, Baba ya kwance. Biriskila ta yi faɗa har ta gaji, ta zauna ta zura masa allura. Ya ce zai zauna a bencin gaba cikin 'yan kallo, da tawul a cinya.

Na ce, "Baba, alƙali ba ya karɓar tawul sai daga kusurwa. Kai ka koya mana."

"Na sani."

"To amfanin me?"

"In ya ga fari ya faɗo zai tsaya ya duba. Kafin ya gane daga ina ya fito, yaron ya ja numfashi biyu."

"Za su yi maka duka, Baba."

"Gara ni. Ni idona biyu ne, ko da sun dushe."

Baba Istifanus, da kai nake yanzu. Kai ne ka tsince tsakuwa don ƙafar 'ya'yan da ba naka ba. Kai ne ka koya wa ɗan mahauta cewa yana da hannu biyu, kai ne kuma ka san iyakar inda hannuwan za su kai. Kai ne ka zaɓi a zage ka yana raye, da a yabe ka a bakin kabarinsa. Itacen da ake hutawa a inuwarsa ana saransa. A Bama ka ɗauko waɗanda harsashi ya samu, a Kano ka ɗauko wanda bakin 'yan uwansa ya samu, kuma can aƙalla ba a shure maka bokiti ba. Ban san ko numfashi biyun nan za su isa ba. A gaskiya ba na jin za su isa. Amma na gode. Gwaggo Rabi'atu ta ce in gaya maka ta gode, ta ce Allah ya saka maka, ya kai ka gida lafiya. Ranar da Sammani zai gode, ina roƙon Allah ya sa yana da bakin faɗa.

Ku kuma mutanen Fagge, 'yan uwana, ba na roƙon kowa ya zama Sammani. Masu son zama Sammani sun cika unguwa, kullum ana haifar su. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mai iya tsayawa bayan igiya ya ce ya isa, ya kuma haɗiye abin da zai biyo baya. Tawul ɗin Baba daga benci ba shi da hukunci. Na ɗan gida, daga kusurwa, shi ne mai hukunci. Cikin dattawan mahauta akwai waɗanda Halilu ba ya iya ɗaga wa murya. Ɗaya ya isa. Ya je ya miƙa wa yaron nan ruwa ta hagu, ya gani da idonsa, sannan ya tsallaka titi ya karɓi tawul. Ba nisa. In kun ƙi, to ku riƙe hulunanku a kanku ran nan, kada wanda ya jefa.

Da safiyar yau na bi ta bayan shagon. Bandejin Sammani na kan igiya, tawul ɗin na gefensa, an wanke shi fari fat. Na tambayi Baba ko wani ya zo. Ya ce tukuna, ya ci gaba da tsintar tsakuwa.